Motsa jiki a sannu: yana ba da kuzari da gaske, ko hutu ne aka sake wa suna?

Kocin Gudu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu warware, kuma zan faɗe ta yadda take a raina. Irin motsa jikin nan na sannu-sannu, taici da cigong (motsa jikin gargajiya na ƙasar Sin) da yoga mai laushi, ana cewa suna sauke damuwa kuma suna ba mutum kuzarin da zai wuni da shi. Sauke damuwar ban musa ba. Kuzarin ne ban gamsu ba. Jiki ba ya ƙara ƙarfi sai an ɗora masa abin da ya fi wanda ya saba ɗauka. Mutumin da bai yi gumi ba, bai yi haki ba, me ya ɗauka? Malam, Likita, ku fito da hujja.

Malamin Taici:
Wa alaikumus salam, Koci. Kafin hujjar takarda, tashi ka gwada ta ƙafa.

Ware ƙafafu daidai faɗin kafaɗunka, ka ɗan saki gwiwa kamar mai shirin ɗosana ɗuwawu a bakin teburi. Juye nauyinka duka kan ƙafar dama. Sai ka ji ta hagu ta zama wofi, sannan ka ɗaga dunduniyarta, ka zaro ta ta kusa da idon sawun dama, ka kai ta gaba ka ajiye dunduniya kaɗai ba tare da nauyi ba, yadda in aka ce ka janye ta za ka janye jikinka bai girgiza ba. Daga nan ka sauke tafin ƙafar, ka riƙa zuba mata nauyi kaɗan-kaɗan kamar mai tsiyaya ruwa daga wannan kofi zuwa wancan, har kusan kashi 70 cikin ɗari ya koma gaba. Taku ɗaya ya ci sakan 10. Yi taku 20, kada kanka ya riƙa hawa da sauka, sai ka dawo ka gaya mana abin da cinyarka ta ce.

A tafiyar yau da kullum mutum rinjaya yake yi gaba yana tare kansa da ɗaya ƙafar. Saurin ne ke ɗauke masa rabin aiki, kuma zamansa a kan ƙafa ɗaya bai kai sakan guda ba. Da zarar ka cire saurin, babu mai riƙe ka sai tsokar cinya da ta ɗuwawu da ƙananan tsokokin da ke kewaye da idon sawu. Nauyin da kake cigiya ke nan.

Kocin Gudu:
Na yi. Cinya ta amsa, ban ƙi ba. Amma zuciya da huhu fa? Bugun bai tashi yadda zai tashi a sassarfa ba.

Likitar Fisiyo:
Koci, a nan kana da gaskiya, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idarta ta 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka, sannan wanda ya kai shekara 65 ya ƙara da kwana uku na atisayen da ke gyara daidaiton tsayuwa. Taici yana cike gurbin daidaito sosai, yana taɓa ƙarfin ƙafa, kuma in an yi shi a ɗan ƙasa ba tsayawa yakan kai nauyin tafiya matsakaiciya. Ba zai mai da mutum ɗan tsere ba.

Sai dai kuzarin da mai damuwa ya rasa daban ne da wanda kake aunawa a filin gudu. Idan damuwa ta zauna wa mutum, sashen jijiyoyin da ke shirya jiki don faɗa ko gudu yana zama a kunne. Wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda suna ta sakin sinadaran damuwa, adirenalin da kotisol. Numfashi ya dawo saman ƙirji, gajere, mai sauri. Kafaɗa ta ɗage, muƙamuƙi ya cije, goshi ya tamke, kuma mai jikin bai ma sani ba. Ga tsoka tana aiki tun safe ba a sa ta ba, ga barcin dare ya zama rabi da rabi. Irin wannan mutumin kamar mota ce da ake tuƙawa da burkin hannu a ɗaure: injin lafiya lau, amma mai yana ƙonewa a banza. Motsin sannu yana ba shi damar gano inda ya ɗaure ya saki. Da sauri ba ka jin kafaɗarka ta ɗage. Idan ɗaga hannu ya ci sakan 6, dole ka ji.

Game da zuciya kuma, akwai binciken da aka yi a ƙasar Sin aka wallafa a mujallar JAMA Network Open a 2024. Mutum 342 masu jinin da ya fara hawa amma bai kai cikakken hawan jini ba, aka raba su biyu, rabi taici rabi atisayen haki irin su sassarfa da keke, awa ɗaya sau huɗu a mako har shekara. Lambar sama ta awon jini ta sauka da kusan 7 a wurin masu taici, ta sauka da kusan 4.6 a wurin ɗaya ɓangaren.

Kocin Gudu:
Likita, lura da adadin fa. Awa huɗu a mako, shekara guda, da malami a kansu. Wannan daban ne da minti biyar ɗin da ake tallatawa. Kuma bincike ɗaya ne.

Likitar Fisiyo:
Haka ne, kuma shi ya sa ba na gina maganata a kansa kaɗai. Inda hujja ta fi kauri shi ne kare tsofaffi daga faɗuwa. Tun 1996 wani bincike a Atlanta ta Amurka, da mutum 200 'yan shekara 70 zuwa sama, ya nuna taici na mako 15 ya rage haɗarin yawan faɗuwa da kusan rabi. A 2018 wani da aka yi a jihar Oregon da mutum 670 ya samu raguwar faɗuwa da kashi 58 idan aka gwada da masu miƙa jiki kawai. A ciwon gwiwa na zaizayar gaɓa, binciken 2016 a Boston da mutum 204 ya nuna taici na mako 12 ya yi kunnen doki da aikinmu na fisiyo, wato jinyar gaɓɓai ta hanyar atisaye. Duk waɗannan dai sau biyu ne a mako, wata uku zuwa shida. Wanda ya yi kwana huɗu ya ce bai ga komai ba, bai fara ba tukuna.

Malamar Yoga:
Ni dai ina ganin kun tsallake ginshiƙin, wato numfashi. Motsin sannu ba tare da gyaran numfashi ba rawa ce kawai. Baligi a zaune yana numfashi 12 zuwa 20 a minti. Duk sa'ad da ka shaƙa, bugun zuciya yana ɗan ƙaruwa, in ka fitar ya ɗan ragu, saboda jijiyar nan da ake kira bagus, wadda ta sauko daga ƙasan ƙwaƙwalwa zuwa zuciya da huhu da hanji, tana taka wa zuciya burki a lokacin fitarwa. Tsawaita fitarwar, ka tsawaita burkin.

Ga yadda ake yi. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙasan cibiya. Shaƙa ta hanci sakan 4, na ƙasan ya ɗago, na saman ya kusa zama a wurinsa, haƙarƙarin ƙasa ya buɗe ta gefe. Fitar sakan 6. Numfashi 6 ke nan a minti, kuma a wajajen nan ne bugun zuciya da numfashi suka fi tafiya tare. Minti biyar. Wanda 4 da 6 suka yi masa tsawo ya fara da 3 da 4. Daga nan sai a haɗa da motsi: hannu ya tashi da shaƙa, ya sauka da fitarwa.

Malamin Taici:
Malama, a zaune ko a kwance na yarda da ƙidayar nan ɗari bisa ɗari. A cikin motsi kuwa, ga sabon shiga, ban yarda ba. Ki ba mutum aikin ƙafa da na hannu da na ƙugu, sannan ki ce ya ƙirga sakan, abin da zai faru shi ne ya riƙe numfashi yana jiran hannu ya iso. Sai ki ga wuyansa ya kumbura, fuska ta ɗaure, ya gama ya fi yadda ya fara gajiya. A watannin farko abu biyu kawai nake nema: ta hanci, kuma kada a riƙe. Idan motsi ya zauna a jiki, numfashi da kansa yake biyo shi.

Malamar Yoga:
To ai Malam, matsalar taici ce da ya tara abubuwa da yawa lokaci guda. A motsi mai sauƙi babu wannan. Misali a rarrafe, hannu ƙarƙashin kafaɗa, gwiwa ƙarƙashin ƙugu, ka shaƙa kana sakin ciki ƙasa kana buɗe ƙirji, ka fitar kana gantsaro baya sama kamar kyanwa, sau 8. Nan numfashi ne ke jan motsi, in numfashi ya ƙare motsi ya juya, babu jira.

Malamin Taici:
A wannan mun haɗu. Motsi ya bi tsawon numfashin mutum, kada a ja numfashi ya bi tsawon motsin malami.

Anti Nas:
Bari in sa baki kan abin da ya fi kawo ƙorafi: jiri. Mutane suna jin an ce "ja dogon numfashi" sai su riƙa cika huhu fam suna juyewa, sau da sau. Minti biyu sai kai ya yi fayau, yatsu da leɓe su fara tsiri-tsiri kamar ana tsira allura, wani ma hannunsa ya ƙage. Sai ya ɗauka iska ce ba ta ishe shi ba, ya ƙara ja, abin ya ƙara ta'azzara.

Iskar da muke shaƙa ba ta yi kaɗan ba. Wadda muke fitarwa ce, kabon dayoksaid, aka zubar fiye da kima, kuma idan ta yi ƙasa a jini hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna tsukewa. Maganin: a tsaya, a rufe baki, a koma ɗan ƙaramin numfashi ta hanci, a bar jiki ya daidaita cikin minti ɗaya zuwa biyu. Numfashin da ake nema siriri ne mai tsawo, marar ƙara. In na kusa da kai yana jin shaƙarka, ka yi yawa.

Ga mai neman abin gaggawa a tsakiyar aiki, akwai wanda masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada, aka wallafa a 2023: shaƙa ta hanci, ka ƙara 'yar gajeruwar shaƙa a kai, sannan ka fitar a hankali ta baki har ya ƙare. Ajiyar zuciya ce da gangan. Su minti biyar a rana suka yi har wata guda, amma ko sau uku aka yi ana jin kafaɗa ta sauka.

Ɗan Auta:
Malam, don Allah a yi mana bayanin tsayuwar nan da ake yi kamar an rungumi bishiya. Wasu na cewa minti 30, wasu awa guda. Kuma me ke sa jiki rawa a cikinta?

Malamin Taici:
Ƙanena, bar maganar awa guda, wannan na waɗanda suka shekara goma a ciki ne. Fara da minti 2.

Daga ƙasa za ka gina ta. Ƙafafu faɗin kafaɗa, yatsu na kallon gaba. Nauyi ya rabu kan wuri uku a kowane tafi: dunduniya, gindin babban yatsa, gindin ƙaramin yatsa. Gwiwa a sake, kada a ƙulle ta baya, kada kuma a durƙusa. Saki makwancin cinya, inda cinya ta haɗu da mara, kamar za ka zauna a doguwar kujera. Ƙasan baya ya sauka da kansa. Kada ka matse ɗuwawu ka turo mara gaba da ƙarfi, wannan kuskure ne da ya yaɗu, kuma shi ke sa ƙugu ciwo. Tsakar ka ta nufi sama kamar an rataye ta da zare, haɓa ta ɗan shigo. Harshe ya kwanta a bayan haƙoran sama, haƙora kada su haɗu. Ido a buɗe, ya sauka kan ƙasa kamar taku uku gabanka.

Hannu kuma, a makon farko da na biyu bar su daidai cibiya, a zagaye, da 'yar tazara a hamata kamar ka saƙale ƙwai ba ka so ya fashe ba ka so ya faɗi. Sai daga baya a ɗago su daidai ƙirji. Masu fara su a sama tun ranar farko, kafaɗa ce ke ɗaukar aikin, su tashi da ciwon wuya. Ƙara minti ɗaya duk mako. Minti 10 ya ishi mai neman lafiya.

Rawar jikin gajiyar tsoka ce, ƙananan zaruruwanta ne ke karɓa-karɓa. In 'yar kaɗan ce, miƙe kaɗan ka ci gaba. In ta yi ƙarfi, ka yi ƙasa da yawa ko ka daɗe, sauka.

Anti Nas:
Ƙari a kan wannan, don yana da haɗari. Tsayuwa cak tana sa jini taruwa a ƙafa, musamman in gwiwa a ƙulle take, ko ana zafi, ko ba a sha ruwa ba, ko mutum yana shan maganin hawan jini. Alamomin suma: gumi mai sanyi, tashin zuciya, hamma, kunne ya yi ɗif, gani ya fara duhu. Kada a ce za a daure. A zauna ko a kwanta nan take a ɗaga ƙafafu. Kuma bayan tsayuwar kada a zabura, a ɗan ɗaga dunduniya a sauke sau goma, a taka a hankali.

Kocin Gudu:
Malam, wata doka da nake ji a bakinku: gwiwa kada ta wuce yatsun ƙafa. Ai duk mai sauka daga bene gwiwarsa na wuce yatsu, kuma ba ta karye ba.

Likitar Fisiyo:
Ba haramun ba ne ta wuce, Koci. Abin da ke akwai shi ne duk yadda ta ƙara gaba, matsin da ke kan ƙoƙon gwiwa yana ƙaruwa, kuma a motsin sannu ana daɗewa a wurin. Don haka ga sabon shiga da mai ciwo, dokar tana da amfani a matsayin iyaka mai sauƙin gani. Amma abubuwan da suka fi lalata gwiwa a taici guda biyu ne, kuma ba a cika faɗar su ba.

Na farko, gwiwa ta faɗa ciki alhali yatsu na kallon waje. Ƙoƙon gwiwa ya kamata ya kalli inda yatsa na biyu yake kallo, a kowane lokaci. In tana faɗawa, tsokar gefen ɗuwawu ce ba ta riƙe, kuma gyaran shi ne a rage faɗin takun, a ɗago sama. Na biyu, a murɗa jiki a kan ƙafar da ke ɗauke da nauyi tana manne da ƙasa. Gwiwa kamar ƙyauren ƙofa take, buɗewa da rufewa ta sani, murɗawa aikin ƙugu ne. Kafin ka juya tafin ƙafa, kwashe nauyi daga kanta, ka juya a kan dunduniya, gwiwa da yatsu da cibiya su tafi tare.

Yadda za a rarrabe ciwo: zafi-zafi a tsakiyar cinya da ke wucewa bayan an huta, aiki ne. Suka a cikin gaɓa, ko kumburi, ko ciwon da ya kwana ya wayi gari, alama ce a rage zurfi da rabi. In ya ci gaba duk da haka, a kawo gwiwar a duba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ɗan Auta:
To da wanne ya kamata mutum ya fara? Na ga taici kala-kala ne.

Malamin Taici:
Manyan gidajensa biyar ne. Tushen shi ne na zuriyar Chen, daga ƙauyen Chenjiagou a lardin Henan na ƙasar Sin, tun ƙarni na 17, kuma asalinsa dabarar faɗa ce, shi ya sa yake da zama ƙasa-ƙasa da zabura. Yang Luchan, wanda ya rasu a 1872, a can ya koya ya kai shi Beijing, kuma salon zuriyarsa mai faɗi da laushi shi ya fi yaɗuwa a duniya. Salon Sun yana da tsayuwa a sama da gajeren taku, ya fi dacewa da mai ciwon gaɓɓai. A 1956 hukumar wasanni ta Sin ta tsamo motsi 24 daga salon Yang don jama'a, ana gama su cikin kamar minti 6. UNESCO ta sa taici cikin al'adun gado na duniya a 2020, yoga kuma tun 2016.

Amma ga wanda damuwa ce ta kawo shi, ban ba shi shawarar fara da 24 ɗin ba. Haddar jerin kan ɗauki watanni, kuma kan da ke fama da "me ke biye?" ba ya hutawa. Ya fara da baduanjin, wani cigong ne da sunansa ke nufin yanka takwas na shaddar alharini. Motsi takwas ne, ana yin su a wuri ɗaya, kowanne ana maimaitawa. Tsarin da aka daidaita a 2003 yana cin kamar minti 12.

Na farko, a sarƙe yatsu a gaban mara, a ɗago, a juya tafi sama a tura bisa kai, a raba a sauke ta gefe, sau 6. Na biyu, a ware ƙafa a ɗan zauna a ja baka hagu da dama. Na uku, tafi ɗaya ya tura sama ɗaya ƙasa. Na huɗu, a buɗe hannuwa a waiwaya baya, kai kaɗai ke juyawa, ƙirji na gaba. Na biyar, a zauna ƙasa a kewaya da gangar jiki, shi ne mafi wuya, sabon shiga ya yi shi a sama ko ya tsallake. Na shida, a shafo baya da bayan ƙafafu ana sunkuyawa. Na bakwai, naushi a hankali da ido a buɗe tar. Na takwas, a yi ɗage a kan yatsu a saki dunduniya ta sauka, sau 7.

Ɗauki biyu a mako. Wata guda ka haɗa takwas.

Likitar Fisiyo:
Na shidan nan a kula. Mai raunin ƙashi irin na tsufa, da mai matsalar faifan ƙashin baya, kada su lanƙwasa baya su kai ƙasa, su tsaya a gwiwa da baya a miƙe, lanƙwasawar ta fito daga ƙugu. Mai hawan jinin ido ya guji duk abin da zai sa kai ya yi ƙasa da zuciya ya daɗe. Na huɗu kuma, in waiwayen ya kawo jiri ko gani biyu-biyu, a daina a ga likita. Mai juna biyu da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan su tambayi mai duba su tukuna.

Baba Mai Nazari:
'Ya'yana, kun yi ta magana ba ku taɓo abin da masu abin suka ce shi ne ruhinsa ba, wato "ci", ƙarfin da suke cewa yana zagaya jiki. Tsohon tunani ne ƙwarai. A 1973 an tono wani ƙyallen alharini a kabarin Mawangdui kusa da birnin Changsha na ƙasar Sin, kabarin shekara ta 168 kafin miladiyya, ɗauke da zanen mutum 44 suna irin wannan motsi. Likitan nan Hua Tuo, na ƙarshen daular Han ta ƙasar Sin, shi ake danganta wa wasan dabbobi biyar: damisa, barewa, beyar, biri da tsuntsu. Tambayata, ɗumin da ake ji a tafin hannu, shi ne "ci" ɗin?

Likitar Fisiyo:
Baba, ɗumin gaskiya ne, har ana iya auna shi a fatar yatsa. Idan jiki ya fita daga halin ko-ta-kwana, ƙananan hanyoyin jinin hannu suna buɗewa, jini ya ƙaru, a ji ɗumi da nauyi da ɗan motsi. Shi ya sa mai fargaba hannunsa ke sanyi. Shi kansa "ci" a matsayin wani ƙarfi na daban, babu na'urar da ta auna shi.

Malamin Taici:
Ni ina amfani da kalmar a matsayin harshen koyarwa, Baba. In na ce "saukar da ci ƙasan cibiya", ɗalibi yakan saki ƙirji, numfashi ya sauka, nauyi ya zauna a ƙafa, abu uku da jimla ɗaya. Inda nake ja da baya shi ne mai cewa zai tura maka ƙarfi daga nesa ya warkar da kai, ko ya ce ka ajiye maganin asibiti. Duk wanda ya faɗi haka a bar wurinsa. Kuma kada a tsaya farautar ɗumin nan, ranar da ka neme shi ranar kake ɗaure jiki.

Ɗan Auta:
Hankalin fa? Jiki na motsi a hankali amma tunani na can yana lissafin bashi da aikin gobe.

Malamar Yoga:
Haka kowa yake, ƙanena, kuma ba a ce ka kori tunani ba. Zaɓi wuri ɗaya da hankali zai riƙa komawa. A motsin tsaye tafin ƙafa ya fi: ina nauyi yake yanzu, dunduniya ko yatsu, dama ko hagu? In ka farga ka tafi, ka dawo ba tare da faɗa da kanka ba. Sau hamsin ka tafi, sau hamsin ka dawo, dawowar ita ce atisayen. Kada ka canza wurin a tsakiyar zama.

Akwai kuma waɗanda sa ido kan numfashi ko rufe ido ke tayar musu da fargaba, musamman masu firgita farat ɗaya da waɗanda suka ga tashin hankali. Su bar ido a buɗe, su bar numfashi ya yi abinsa, su riƙe ƙafa ko wani abu da suke gani a gabansu, su gajarta zuwa minti uku. Wanda kuwa baƙin ciki ko rashin barci ko rashin sha'awar komai ya riƙe shi sama da mako biyu, ya ga likita, motsin ya zama ƙari a kan magani. Haka ma kasalar da ba ta tafiya: ƙarancin jini, ciwon sukari da matsalar maƙoƙo duk suna kawo ta, kuma gwajin jini ne ke nunawa.

Kocin Gudu:
To na sauko rabi. Ga yadda zan tsara wa mai farawa, ku gyara min. Mako biyun farko minti 10 kullum: 2 tsayuwa, 3 juya nauyi dama da hagu, 3 ɗaga hannu da saukewa, 2 tafiyar sanɗa. Mako na uku zuwa na shida minti 15 zuwa 20, ana shigo da takwas ɗin nan biyu-biyu. Daga nan minti 20 kullum, da doguwa ta minti 45 zuwa awa sau biyu a mako. Tafiya mai sauri tana nan a wurinta, ba a soke ta ba.

Kuma a auna, kada a dogara da "ina jin kamar". Ranar farko a rubuta abu huɗu: bugun zuciya a minti da farkawa kafin a tashi, sakan nawa ake yi a ƙafa ɗaya kusa da bango, sau nawa ake tashi daga kujera a zauna cikin sakan 30 ba dafawa, da kimanin mintin da ake yi kafin barci ya ɗauka. A sake a mako na 6 da na 12.

Malamin Taici:
Tsarin ya yi, Koci. Ƙari kaɗan: a bar kamar awa ɗaya bayan cin abinci mai nauyi. Takalmi shimfiɗaɗɗe marar tudun dunduniya, ko ƙafa tsirara, ban da safa a kan daɓe mai santsi. A tsaya a kashi 70 na iyawa, a miƙa da zurfi da tsawon lokaci duka, yadda za a gama da sauran ƙarfi. Mai koyo ta bidiyo ya nemi wanda aka ɗauki malamin ta baya, don kada dama da hagu su rikice, kuma duk mako ya ɗauki kansa ta gaba ya duba gwiwa da kafaɗa. Abin da mutum ke ji yana yi da abin da yake yi sukan yi hannun riga.

Hajiya Babba:
Sannunku da ƙoƙari. Tsofaffin da tsayuwar minti biyu ma ke gagararsu fa, Likita, a bar su ke nan?

Likitar Fisiyo:
A'a Hajiya, a zaune ma ana yi. Kujera mai ƙarfi marar taya, a jingine da bango. A zauna a rabin gaba, tafin ƙafa biyu a ƙasa, gwiwa daidai ƙugu ko ƙasa da shi kaɗan, in kujerar ta yi tsawo a sa wani abu mai tauri ƙarƙashin ƙafa. A fara da juya nauyi daga ɗuwawun dama zuwa na hagu sau 10, ana danna ƙafar ɓangaren a ƙasa. Sai ɗaga hannuwa zuwa daidai kafaɗa da saukewa sau 8, sai jan baka sau 3 kowane gefe, sai waiwaye, sai ɗaga dunduniya sau 10. Na ƙarshe shi ne mafi amfani: a matso da ƙafafu baya kaɗan, a rinjayo gaba har hanci ya zo saitin yatsun ƙafa, a tashi cikin sakan 3, a koma zaune cikin sakan 5 ba tare da faɗawa ba. Sau 3 a farko, da dafa hannun kujera in ana buƙata, wani na tsaye a gefen da ya fi rauni. Idan sau 8 ya samu ba dafawa, sai a koma yin juya nauyin a tsaye, hannu biyu a kan bayan kujera.